Kebul ɗin Mma Safara'u

Shagon ɗinkina yana ƙarƙashin benen marigayi Alhaji Gariba, dab da matakala, kuma na daɗe a wurin har na ga 'ya'yansa suna rarrafe a gindin kekena. Saboda haka ranar da aka ce za a raba intanet ɗin gidan, ban yi wani mamaki ba. An riga an raba mitar wuta. An raba famfo. An kafa katako a tsakiyar babban shagon ƙasa, daga daɓe har silin. Abdul-Wadud yana dama da ofishinsa na kayan gyaran mota da yake aikawa Magazin, unguwar makanikai, ƙanwarsa Safiatu tana hagu da injin fotokwafi da firinta da labulen ɗaukar hoton fasfo. Tun da aka binne ubansu ba su yi wa juna magana ba sai ta bakina. Ni da na zo ɗinki, da furfurata na koma ɗan aike.

Abin da ba a raba ba shi ne uwarsu, Mma Safara'u, da ke kwance a sama. Shekarun baya ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke, hannun hagu kaɗai ya rage mata. Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya sa aka ja mata kebul daga ƙasa, aka ajiye wayar tebur a gefen filonta. Ba sai ta danna komai ba. Da ta ɗaga kan wayar, wayoyin shagunan biyu su ɗauki ƙara a tare. Wanda ya ɗauka ba ya jin komai sai numfashinta, sai ya ce, "Ga ni nan, Mma," ya hau. Da Alhaji yana raye rige-rigen ɗauka suke yi. Bayan ba shi, sai wayar ta yi ta ƙara, shi yana jira ta ɗauka, ita tana jira ya ɗauka, ni kuma ina taka keke da ƙarfi don kada in ji, har in gaji in tashi in daka wa katakon duka.

Mma 'yar mutanen da ce. Iyayenta fataken goro ne daga Arewa, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta same ta. Ko lokacin da take da baki, ba ta taɓa faɗin sunan Abdul-Wadud ba. "Ku kira mini wancan," haka take cewa. Safiatu kuwa, sunanta ya sha kira safe da yamma. Yana ƙarami yakan zauna a kan tarin ƙyallayena ya tambaye ni ko Mma ta san sunansa. In ce masa ta sani sarai, kunya ce, gata ne ma. Yakan ce to, amma ba na jin ya taɓa yarda da ni.

Rikicin intanet ɗin ya taso ne ranar da wani da ya zo buga takarda wajen Safiatu ya hau wayfai ɗin gidan, ya buɗe wayarsa, sai ga cikin ofishin Abdul-Wadud ta kyamarar tsaro, ga mai ofishin kansa ya miƙe ƙafa yana sakace. Aka yi ta dariya a layi. Ita kuma ta ce dama ma'aikatansa sun daɗe suna turo takardu ta firintarta suna ƙarar mata da tawada. Shi ke nan aka ɗauko Lariba, mai haɗa intanet, daga unguwar Tafo.

Lariba mace ce mai jiki, da gajeren hijabi da jakar goyo, ba ta da yawan fara'a. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Takan kuma cusa yaren garin: "koraa" wato ko kaɗan, "paa" wato ƙwarai, "yoo" wato to. Ta iso ranar wata Asabar da hantsi, gari ya haɗa hadari tun safe ya ƙi zubarwa. Kayan intanet ɗin suna cikin wani akwatin ƙarfe manne a bango ƙarƙashin matakala, daidai inda nake hange daga kan kekena. Kwaɗo biyu ne a jikinsa, na wa da na ƙanwa. Sai da kowa ya fito ya buɗe nasa, ba wanda ya kalli wani, sannan ta samu ta sa hannu.

Ganin na zuba mata ido, ta ɗaga wani sabon abu baƙi mai jerin ramuka ta nuna mini.

"Baba Seini, yanzu dukanku ɗaki ɗaya kuke, kowa yana ganin kowa. Wannan sabon suwic, zan yanka shi ta ciki. VLAN ake ce shi. Akwati ɗaya ne, amma ramukan nan na Bra Wadud, waɗannan na Sista Safiatu, na ƙarshe na baƙi. Wanda yana nan ba zai ga wanda yana can ba koraa."

"Ni fa, ina kika sa ni?"

"Kai baƙo ne."

Na girmi fentin gidan nan, amma ga shi yau na zama baƙo. Na koma kan rigar da nake sa wa aljihu.

Aikinta a tsanake take yi. Ta ciro kebul daga tsohon suwic, ta ɗaga ta ce na wane ne, wanda yake da shi ya amsa, ta naɗa masa tef shuɗi ko ja, ta cusa a raminsa, wata 'yar fitila koriya ta kama ƙyaftawa, ta danna wani abu a laftof ɗinta. Kyamarori suka tafi dama. Firinta ta tafi hagu. Wayar teburin kowa ta bi mai ita. Rabon gadon ma bai tafi lami lafiya haka ba. Har ya rage kebul ɗaya, tsoho mai ruwan toka, wanda ya bi bango ya shige ta wani huji ya yi sama.

"Wannan fa? Na wane ne?"

Abdul-Wadud ya kalli takalminsa. Safiatu ta gyara ɗankwali. Ni na ba ta amsa, na ce na Mma ne, na kuma faɗa mata yadda wayar take aiki.

Lariba ta dubi bakin kebul ɗin da ke hannunta, fuskarta ta canza.

"Ei. Da kun faɗa mini tun farko. Irin wayan nan ba shi da batir, wutan shi daga kebul yake zuwa. Yanzu da na cire, ya mutu. In Mma ya ɗaga, ba abin da zai ji." Ta miƙa hannu wajen ramukan shuɗi. "Bari in sa shi nan tukuna. Zai yi ƙara wajen Bra Wadud kawai, amma ya fi babu."

"Baba Seini," in ji Safiatu, ta juyo gare ni kamar ni na yi maganar, "ka tambaye shi wa yake mata wanka. Wa yake juya ta? Don a fita a ce Mma tana hannunsa?"

Lariba ta mai da hannu wajen ja.

"Baba Seini," in ji Abdul-Wadud, "ka faɗa mata ni ne babba. In aka jona can, gobe a masallaci a ce ɗan fari ya jefar da uwarsa wa mace."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutanen da suke barin tsohuwa ta yi ta kira har sai na daki katako, yau kowa ya ce tasa ce. Na ce, "Uwa ce ko mitar wuta? Ku bar yarinyar nan ta cusa abin nan ko'ina ne."

Lariba ta ce akwai hanya, kuma mai sauƙi ce paa. Za ta yanka wa Mma VLAN ɗinta ita kaɗai, ta buɗe mata ƙaramar ƙofa zuwa wayar wa da wayar ƙanwa, su kuwa su biyun ba za su ga juna ba. Na ce alhamdulillahi. Ashe na yi saurin godiya. Abdul-Wadud ya tambaya ko wanda ya san lambar sirrin suwic ɗin zai iya faɗaɗa ƙofar nan. Lariba ba ta iya ƙarya ba, ta ce zai iya. To wa zai riƙe lambar? Ya ce shi. Safiatu ta ce sai dai in bayan ranta. Na ce su ba ni, suka haɗa baki karon farko a shekara suka ce ni zan manta.

Ana cikin haka aka kira shi daga Magazin, wai kayansa sun iso kuma direban yana neman juyawa da su. Ya tura murfin akwatin ya datse kwaɗonsa.

"Kada a jona komai sai na dawo."

Safiatu ta ga ba za a bar ta a baya ba, ita ma ta datse nata. Tsohon suwic da sabo duk suka koma ciki, kebul mai ruwan toka kaɗai ya rage a waje, a hannun Lariba.

"Abeg, Bra Wadud," ta bi shi har bakin kwata, "minti ɗaya ne kawai."

Ya tare tasi ya shige.

Ta dawo ta zauna a bencin da kwastomomina suke jira, ta ce ba za ta tafi ta bar aiki haka ba. Kebul ɗin yana da tsawo, ta jawo shi ta naɗa a hannu tana juyawa. Na ce wa Safiatu ta riƙa leƙa tsohuwar tun da yau ba ta da hanyar kira. Ni dai ba muharraminta ba ne, tun da nake ban taɓa taka benen nan ba. Lariba ta ce ita za ta iya zama da ita, Safiatu ta ce Mma ba ta son baƙo ya gan ta a wannan hali, kuma gaskiya ta faɗa.

Bayan azahar Safiatu ta hau da kwanon koko. Da ta sauko ta tsaya a ƙofata, jikinta a sanyaye.

"Na same ta da wayar a kunne," in ji ta. "Na karɓa na mayar, na ce mata ana gyara ne. Ta bi ni da ido har na fita."

Sai ga 'yan makaranta sun cika mata shago, lokacin rajistar jarrabawa ne, kowa yana son hoto da fotokwafi yanzu-yanzu. Ta shige cikinsu.

Gari ya ƙara duhu, har sai da na kunna fitila da rana tsaka. Iska ta tsaya cak. Mai wakye, wato shinkafa da wake, da ke tsallake ta kwashe tukwanenta ta gudu. Ɗakin Mma yana daidai saman kaina, kuma da na tsai da keke don in sa zare, na ji wani ɗan sauti ta cikin silin. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Na daɗe a gidan nan, amma ban taɓa jin sa ba, domin kullum ƙarar wayoyin ƙasa takan rufe shi. Kan waya ne ake ɗagawa, a jira, a mayar.

Lariba ma ta ji. Ta ɗaga kai sama, ta sauke ido kan hannunta.

"Baba Seini, taɓa ka ji."

Na taɓa bakin kebul ɗin. Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi. Na ce ai hannunki ne, tun ɗazu kike murza shi. Ta ce yoo, amma ta sake shi ya faɗi a cinyarta, ta goge tafinta da hijabi.

Na leƙa wajen Safiatu na ce tsohuwa tana ta ɗaga waya. Ta ce tana zuwa, bari ta sallami waɗannan. Waɗannan suka tafi, wasu suka shigo. Sautin ya ci gaba, tazararsa tana ƙara nisa. Can na ji an ɗaga, na tsaya da almakashi a hannu ina jiran a mayar. Ba a mayar ba. Sai ruwa ya ɓalle, kwanon rufi ya ɗauki ƙara, ban ƙara jin komai daga sama ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda mutum ba ya iya cewa ga dalilinsa.

Ana kiran la'asar Abdul-Wadud ya dawo a jiƙe sharkaf. Lariba ta miƙe da kebul a hannu. Na ɗauka zai buɗe, don makullin yana tsakanin yatsunsa. Ina! A cikin tasi ya yi sabon tunani, wai a rubuta lambar a kai wa Alfa, malamin unguwa, ya ajiye. Safiatu ta fito ta ce in faɗa masa Alfa abokin shan shayinsa ne. Na buɗe baki zan zage su duka biyu.

Sai wayoyin suka ɗauki ƙara.

Duka biyun, dama da hagu, a tare, yadda suka saba. 'Yan makarantar da suka fake a shagon suka ci gaba da surutunsu, su ba su san komai ba. Mu huɗu kuwa muka daskare. Na kalli akwatin, kwaɗo biyu a datse. Na kalli hannun Lariba. Bakin kebul ɗin yana tsakanin yatsunta, yana kallon ƙasa, bai taɓa komai ba.

"Ba zai yiwu ba," in ji ta a hankali. "Ba wuta. Ba wuta koraa."

Yau ba wanda ya jira wani. Shi ya yi dama, ita ta yi hagu. Ni na tsaya a bakin katakon, inda ido ɗaya yake ganin nan ɗaya yake ganin can. Suka ɗaga kusan lokaci guda. Safiatu ta ce, "Ga ni nan, Mma." Abdul-Wadud ya tsaya da wayar a kunne, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, bakinsa a buɗe. Mutum ne fa da yake daka wa makanikan Magazin tsawa su watse. Da ya yi magana, da muryar yaron nan ya yi, wanda yake zama a kan ƙyallayena.

"Na'am," ya ce. "Na'am, Mma."

Safiatu ta saki wayarta ta faɗi a kan injin fotokwafi. Daga baya ta faɗa mini ita ba ta ji Mma ba, ko numfashi. Abin da ta ji shi ne "na'am" ɗin wanta, ba ta cikin katako ba, ta cikin wayar, dab da kunnenta. Da na maimaita wa Lariba, ta girgiza kai ta ce babu hanya tsakanin wayoyin nan biyu, ita ta yanke da hannunta.

Suka fito a guje suka haɗu a gindin matakala. Ya riga ta. Na ji tana cewa, "Yaya, ka jira ni," ba ta bakina ba. Ya jira ta. Suka hau, ƙofa ta buɗe, sannan salatin Safiatu ya keto ruwan saman ya sauko.

Lariba tana cikin matan da suka fara shiga. Da ta sauko ta zauna a bencina. Sannan ta ce ta samu Mma kwance ta gefen hagu, kan wayar yana manne a kunnenta, yatsunta sun riƙe shi gam sai da aka ɓamɓare. Ta duba gilashin wayar, baƙi ƙirin. Ta danna duk maɓallan, ba abin da ya kama.

Da aka share makoki Abdul-Wadud ya sa aka kira ta. Ya buɗe kwaɗonsa, Safiatu ta buɗe nata, ba wanda ya mayar. Lariba ta yanka VLAN ɗin da ta yi alkawari, ta sa masa suna Mma, ta buɗe ƙananan ƙofofin nan biyu, ta cusa kebul mai ruwan toka. Fitila koriya ta kama. Shayin da na zuba mata bai ma huce ba ta gama. Ta tambaya wa za ta ba lambar sirri, ba wanda ya amsa, ta kama hanyar Tafo da ita a kanta. Wallahi na ji haushin sauƙin abin fiye da komai.

Da yammar ranar ya shigo shagona. Bai zauna a benci ba, ya zauna a kan tarin ƙyallaye, ƙaton mutum da shi.

"Baba Seini," ya ce, "ta san shi."

"Wa?"

"Sunana. Duka ta faɗa, ba ta gutsure ba. Abdul-Wadud." Ya share fuska da tafin hannu. "Ban san tun yaushe take kira ba. Makullin yana aljihuna."

Wannan karon ban ce kunya ce ba, ban ce gata ne ba.

Katakon yana nan har yau, ko da yake yanzu suna gaisawa ta samansa da bakinsu. Ɗakin sama an share, an naɗe katifa, amma ya hana a taɓa wayar. Tana nan a jone, Lariba ta gwada ta a gabanmu, lafiyarta ƙalau. Shi kuma ya daina zuwa Magazin da kansa, sai ya aika. Kullum da an kusa kiran la'asar yakan leƙo ya ce, "Baba Seini, don Allah ka ɗan tsai da keken." In tsayar. Ya koma ofis ya zauna gaban wayar, hannunsa a kan tebur kusa da ita, har a tayar da salla.

Ba ta sake ƙara ba.